Ramuwar azumi a Indiya: abin da nake rubutawa mako-mako

Lahadi, 14 ga Satumba, 2025

Abu biyu ne suka haɗu suka sa na fara wannan rubutu. Na farko bashin azumi. Aikin da aka yi mini a farkon Ramadan ya cinye kusan rabin watan, ga kuma kwanakin da mata kan sha, kuma zafin Mayu da Yuni a yankin Delhi bai bar ni na rama ko ɗaya ba. Na biyu takardar gwajin jinin da na karɓo ranar Alhamis: HbA1c, wato gwajin matsakaicin sugan jini, ya nuna 6.1. Daga 5.7 zuwa 6.4 ana cewa mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, daga 6.5 kuwa ya shiga ciki. Ummana ta shekara goma sha tana shan magani, saboda haka ba labari nake ji ba.

Likitar ba ta ba ni magani ba. Ta ce na rage ƙiba, na rage shinkafa da shayi mai suga, na dawo bayan wata uku, domin gwajin matsakaicin wata biyu zuwa uku yake nunawa. Da na ce ina so na yi azumi, ta ce babu laifi tunda ba na shan maganin da ke saukar da suga, amma na riƙa gwadawa.

Tsarin shi ne Litinin da Alhamis, da kwanakin 13, 14 da 15 na watan Musulunci, duka da niyyar ramuwa. A wurin Malikawa makaruhi ne mutum ya kama nafila alhali farilla na kansa. Wanda kuma ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi, bayan ramuwar sai ya ciyar da mudu a kan kowace rana. Ramadan mai zuwa zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, ina so na gama tun kafin Sha'aban.

Kashe kuɗi: na'urar gwajin suga rupi (kuɗin Indiya) 950, tsinken gwaji guda hamsin 800, dabino 300.

Litinin, 15 ga Satumba

Alfijir wajen biyar saura kwata, magariba shida da kusan rabi. Ciwon kai tun azahar, na rashin shayi ne. Suga da la'asar 88.

Alhamis, 18 ga Satumba

Lafiya lau. Ciwon kan bai kai na Litinin ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Yau mai gidan da nake haya, wadda duk unguwa ke kira Anti, ta fara nata azumin. Navratri ya kama, dare tara na bautar Durga, abar bautar 'yan Hindu, ko da yake bana lissafin watansu ya sa ya zama kwana goma. Tun jiya ta wanke kicin, ta kwashe albasa da tafarnuwa ta tura mini sama, wai kada su lalace.

Na sauko da hantsi na tarar da ita tana shan shayi da madara, ga ayaba a faranti. Ta ga ina kallo, ta yi dariya. Ni ma abin ya ba ta mamaki da ta ji ko ruwa ba na sha, ta dafa kafaɗata ta ce irin nawa ai sai ranaku na musamman suke yin sa. Bambancin a taƙaice shi ne, mu lokaci aka tsare mana, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, in rana ta faɗi halas duk ta buɗe. Su kuwa a mafi yawan azuminsu nau'in abinci aka tsare. Ba alkama, ba shinkafa, ba dangin wake, ba nama, ba ƙwai, ba albasa da tafarnuwa, har gishirin yau da kullum an ajiye, sai gishirin dutse da suke kira sendha namak. 'Ya'yan itace, madara, kindirmo, gyaɗa da dankalin turawa kuwa duk an yarda. Kuma kowa da ƙarfinsa: wani sau ɗaya zai ci a wuni, wani ranar farko da ta ƙarshe kawai zai yi, wani ruwa kaɗai. Firaminista Modi ma a wannan azumin yake lokacin da ya je fadar White House a 2014, aka yi liyafar dare yana shan ruwan ɗumi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Matsalar farko ta zo, kuma daga inda ban zata ba. Anti ta ji ana kiran magariba, ta aiko jikarta da kwano biyu. Ɗaya sabudana ce, wasu ƙwayoyi farare da ake yi da sitacin rogo, an soya su da dankali da dakakkiyar gyaɗa da ɗanyen barkono. Ɗayan waina ce ta garin kuttu, wani iri mai kama da hatsi, da aka tsoma a mai. Abincin azumi ne, in ji yarinyar, mara nauyi. Na ci dabino uku, na cinye kwanon farko tas, na taɓa na biyu, na kora da shayi. Daɗi kam ba a magana.

Bayan awa biyu na gwada: 178. Na wanke hannu na sake, 174. Abin da ake so bayan awa biyu shi ne ƙasa da 140. Wuni guda ba ci ba sha, a cikin minti ashirin na rushe shi.

Da na zauna na duba, babu abin mamaki. Sabudana kusan zallar sitaci ce, ga dankali a kai, ga mai. Sunan abincin azumi ne ya ruɗar da mutane suke ɗauka mara nauyi ne. Mu ma ai haka muke: kunun tsamiya da suga cokali uku, ƙosai, soyayyen dankali, lemon kwalba, sannan a ce bari a yi sallah a dawo a ci abinci. Na san mata da yawa da ke fita daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi. Indiya kuwa, binciken hukumarsu ta binciken lafiya da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga miliyan 101, da wasu miliyan 136 da ke matakin da nake. Anti tana cikin na farkon, kuma kullum da safe sai ta sha ruwan karela, ɗan'uwan garahuninmu, ta bi shi da shayi mai zaƙi.

Daga yau buɗa-baki ya koma dabino ɗaya, ruwa kofi biyu, sallah, sannan abinci mai ganye da ƙwai ko kifi. Tuwo ko gurasa kaɗan, kuma a ƙarshe.

Litinin, 29 ga Satumba

Na samo garin gero a shagon ƙasa, bajra suke ce masa, kilo rupi 60. Tuwo da miyar kuɓewa ɗanya. Bayan awa biyu 131.

Talata, 30 ga Satumba

Ba ranar azumina ba ce, amma sai na rubuta. Yau rana ta takwas a lissafin watansu, ranar da Anti ke rufe nata. Ta tara 'yan mata ƙanana na unguwa, ta wanke musu ƙafa, ta ɗaura musu jan zare a hannu, ta ba su alawar semolina da soyayyar gurasa da baƙin wake, da 'yan kuɗi. A wurinsu yaran suna wakiltar abar bautar ne. Da aka watse sai ga ta da kanta da faranti.

Tun makon jiya na san wannan ranar za ta zo, shi ya sa na tambayi Malam na can gida ta waya. Ya ce kyautar abinci ta maƙwabtaka babu laifi a karɓa daga wanda ba Musulmi ba, amma abin da aka ajiye a gaban abin bauta aka miƙa masa, na bar shi. Faɗar haka a waya abu ne mai sauƙi. Faɗa wa dattijuwar da ta yi jinyata bayan aiki, tana tsaye a ƙofa da faranti a hannu, wani abu ne daban. Na ce, Anti, kin san yadda ba kya cin abin da ya taɓa tukunyar namana? Ta ce eh. Na ce to ni ma wanda aka kai gaban wurin bauta ba na ci. Ta yi shiru, fuskarta ta canja, ta juya ta sauka. Na wuni babu daɗi.

Bayan la'asar jikar ta hawo da wani kwano, ta ce Kaka ta ce wannan daga tukunya aka ɗebo, bai shiga ɗakin ba. Na karɓa hannu bibbiyu. Waken na ci, alawar na kai wa abokan karatu.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Hutu biyu a rana ɗaya: Dussehra, bikin da ke rufe Navratri, da ranar haihuwar Gandhi. Na sha ruwa ina jin ƙarar wuta daga filin da ake ƙona mutum-mutumin Ravana, mugun sarki a labaran addininsu. Gandhi ma mai azumi ne, sai dai nasa ya zama makamin siyasa. A 1924 ya yi na kwana 21 a Delhi, ya fara shi a gidan Maulana Muhammad Ali, don a daina faɗa tsakanin Musulmi da 'yan Hindu. Na ƙarshensa ma, a Janairun 1948, kan wannan rigimar ne, kuma kafin watan ya ƙare aka harbe shi.

Suga da la'asar 84.

Litinin zuwa Laraba, 6 zuwa 8 ga Oktoba

Kwanakin farin wata, bisa kalandar masallacin unguwa. Uku a jere sun fi mini sauƙi a kan na tsallake-tsallake, jiki ya fi sabawa. Su Anti ma da wata suke lissafi. Sun raba shi gida biyu, rana ta goma sha ɗaya a kowane rabi ita ce Ekadashi, sau biyu ke nan a wata, ranar da mijin Anti ba ya cin shinkafa ko wani hatsi. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi nasa, ni kuma nawa ya biyo baya da kwana uku. Yanzu in na manta kwanan wata, kwanonsa nake kallo.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Karva Chauth. Wannan shi ne ya fi kusa da namu a siffa. Matan aure ne ke yi, don neman tsawon rai ga mazajensu, ba ci ba sha daga fitowar rana har sai wata ya fito. Surukar Anti ta tashi kafin asuba ta ci abin da uwar mijinta ta haɗa mata, sargi, wanda dai sahur ne in ban da suna. Ta sha lalle har gwiwar hannu, ta sa jan sari na aurenta.

Wata bai fito ba sai bayan takwas na dare. Na hau saman bene shanya kaya na tarar da matan gidaje uku a tsaye, kowace da rariya a hannu. Ta cikin rariyar ake kallon watan, sannan a kalli fuskar miji, shi kuma ya ba ta ruwan farko. Leɓen surukar duk ya bushe, jan-bakin ya tsattsage. Mijin, wanda na gani da idona yana cin samosa da la'asar, ya miƙa mata kofi yana murmushi. Ta ce mini yanzu wasu mazan suna taya matansu. Na ce Allah ya sa nata ya ji.

Ta tambaye ni don wa nake nawa. Na ce don Allah, kuma maigidana ma in yana da bashi shi zai rama abinsa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Tambayar tata ta bi ni har yau. Ni kaina na lura safiya ta farko bayan kowane azumi, sikeli nake fara hawa. To ramuwa nake yi ko rage ƙiba? Na kira Malam bayan isha'insu, nan dare ya raba, don awa huɗu da rabi ne tsakaninmu.

Ya ce Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya bambance riya da haɗa wata manufa. Riya ita ce ka yi ibada don mutane su gani, ita ke ɓata aiki. Amma wanda ya yi azumi yana nufin ibada, kuma yana fatan jikinsa ya samu lafiya, azuminsa bai ɓaci ba, kamar mai zuwa hajji ya haɗa da fatauci. Hujjarsa har da hadisin da aka umarci saurayin da bai da halin aure ya riƙa azumi. Sai dai ya ƙara da cewa lada gwargwadon abin da ya fi rinjaye a zuciya ne. Ya kuma ja kunnena kan maganar nan da ake yawo da ita cewa ku yi azumi ku samu lafiya: malaman hadisi sun raunana ta.

Na tura sikelin ƙarƙashin gado. Ranar Lahadi kaɗai zan riƙa fito da shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yau azumi ya karye. An ɗauke wuta cikin dare, waya ta mutu, na farka rana ta fito. Niyya na kwana da ita, saboda haka na ci gaba. Matsalar ita ce tun isha'i ban sha ruwa ba, ga tsayuwar awa huɗu a ɗakin gwaji, ga rana a hanyar dawowa cikin a-daidaita-sahu. Wajen ƙarfe biyu na ji jiri, gumi mai sanyi ya karyo, na riƙe ƙarfen bene na zauna a matakala. Na gwada suga, 73. Ka'idar da likitoci da malamai suka fitar wa masu ciwon suga ita ce a sha ruwa in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko in alamun rashin lafiya sun bayyana, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Lamba ba ta kai ba, amma jiki ya kai. Mijin Anti ya kawo na'urar awon jininsa: 88 bisa 58. Ina miƙewa na yi amai.

Na sha ruwan gishiri da suga na leda, rupi 22, na kwanta. Babu kaffara, domin kaffara ta wanda ya keta alfarmar Ramadan kansa ce da gangan. Ranar dai tana nan a cikin bashi. Anti ta zauna a bakin gadona tana faɗa, wai ko a wurinsu mara lafiya da mai ciki da tsoho an ɗauke musu. Na ce mu ma haka ne, a cikin surar Baƙara yake, ayar da ta ce Allah sauƙi yake nufi da ku.

Sabon tsari: ruwa lita ɗaya da rabi tsakanin magariba da kwanciya, agogon tebur mai batir rupi 250, kuma ranar da sahur ya wuce ni ga aikin tsayuwa, zan ɗaga zuwa wata rana, ko na nemi a canja mini aikin.

Litinin, 20 ga Oktoba

Diwali, bikinsu na fitilu. Na yi azumi, ban fita ba. Akwatunan alawa uku aka kawo, duk sun tafi ɗakin 'yan Sudan da ke ƙasa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ban ɗauka ba. Hayaƙin wasan wuta da na ƙona karan shinkafa a gonakin jihohin Punjab da Haryana ya rufe gari, maƙogwaro kamar an zuba yaji, tari ya hana ni barci. Takunkumi rupi 180.

Wata abokiyar karatu ta ba ni shawarar na bar wannan wahalar na koma tsarin awa 16 ba ci, awa 8 a ci, tunda shi ana shan ruwa. Ta kawo zancen Bajafanen nan Yoshinori Ohsumi da ya ci kyautar Nobel a 2016 kan yadda ƙwayar halitta ke cinye dattin cikinta. Gaskiya ne ya ci, amma a kan ƙwayar yis ya yi aikinsa, ba a kan masu azumi ba, kuma masu sayar da tsarin rage ƙiba a YouTube sun ja maganar ta wuce inda ta tsaya. Gwajin da aka yi a birnin Guangzhou na Sin, aka buga a 2022, ya bi mutum 139 masu ƙiba har shekara guda. Duka an rage musu abinci, rabi kuma an ƙara musu da taƙaita lokacin ci. Bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Abin da na'urata ke nuna mini ke nan tun watan jiya: abin da ke cikin kwano ya fi agogo tasiri. Kuma ko tsarin nata ya fi, ba zai biya mini bashi ba.

Litinin da Talata, 27 da 28 ga Oktoba

Na yi na Litinin lafiya. Magariba ta dawo shida saura ashirin.

Matar da ke mana shara 'yar jihar Bihar ce, kuma wannan makon na Chhath ne, bikin kwana huɗu na bautar rana. Tun daren Lahadi da ta ci shinkafa da madara da mazarƙwaila ba ta ƙara sa komai a baki ba, har ruwa, sai safiyar Talata. Kusan awa 36. Da yammacin Litinin ta shiga ruwa har ƙugu a wani tafki da aka haƙa a filin unguwa, ɗauke da faifan gora cike da ayaba da rake da wani soyayyen biskit da suke kira thekua, ta tsaya har rana ta faɗi. Da asuba ta koma ta jira fitowarta. Siririyar mace ce, ba za ta kai kilo 45 ba.

Juriyar ta girgiza ni, ba zan ɓoye ba. Amma a lokacin ne na ƙara fahimtar hikimar hana mu saje, wato haɗa wuni biyu ba buɗa-baki. Sahabbai sun so su yi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su, ya ce a gaggauta buɗa-baki, a yi sahur don akwai albarka a cikinsa. Ranar Laraba mai sharar ba ta zo aiki ba, 'yarta ce ta zo.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Lafiya. Faten wake da alayyafo, 124.

Litinin zuwa Alhamis, 3 zuwa 6 ga Nuwamba

Na jera su, har da kwanakin farin wata. Sanyi ya fara, ƙishirwa babu. Sahur yanzu ƙwai biyu, kindirmo ba suga, da guntun gurasar gero. Ranar da na gwada shayi da burodi kawai, yunwa ta kama ni tun goma na safe.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Fiye da rabin bashin ya tafi. Nauyi ya ragu da kilo uku da ɗan wani abu, zanen da na zo da shi ya fara zamewa. Sugan safe yana yawo tsakanin 96 da 104, da can 110 ne zuwa sama. Jimillar kuɗin da na rubuta a nan ya kama rupi 2,562, ban da cefane.

Abin da ya rage: tsinken gwaji ya kusa ƙarewa, wani 800 ke nan. Gwajin HbA1c a tsakiyar Disamba, wajen 500. Zan gaya wa likita jinina AS ne, don akwai hanyoyin gwajin da hakan ke karkatar da sakamakonsu, ƙarancin jini ma haka, ga shi an yi mini aiki bana. Wuni ya gajarta, daga alfijir zuwa magariba awa goma sha biyu ne da 'yan mintuna, saboda haka daga gobe zan ƙara Laraba a kan Litinin da Alhamis har jarrabawa ta matso. Tafiyar rabin awa bayan isha'i tana cikin tsari tun farko amma hayaƙi ya hana, zan mayar da ita hawa da saukar bene. Anti ta ce za ta riƙa biyo ni hawa biyu na farko, in gwiwa ta yarda.